Kundin Aikin Mazaunin Matuƙi a Jirginmu na Yawuri

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Injin ya iso jiya da daddare, yau da safe muka sauke shi a bakin kwata, nan Yelwan Yawuri. Yamaha ne mai doki 85, na hannu, mai tashi da makulli. Daga yau zan riƙa rubuta yadda aikin matsar da mazaunin matuƙi gaba da sa masa sitiyari ke tafiya, saboda masu jirage da dama sun ce in sanar da su abin da ya yiwu da wanda bai yiwu ba.

Jirgin na katako ne, tsawonsa mita 12. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ya sa aka ƙera shi, ƙanensa kuma, Baffa, shi ke tuƙa shi tun ranar da ya fara taɓa ruwa. Fasinja da kaya yake kaiwa kasuwannin bakin tafkin Kainji. Tuƙin irin wanda kowa ya sani ne: matuƙi na zaune can ƙarshen jirgi, hannunsa na hagu a kan sandar inji, yaro ɗaya na tsaye a goshi yana nuna hanya da hannu. Ido yana gaba, hannu yana baya, tsakaninsu kuma buhuna da mutane da awaki.

A watan Satumba jirgin ya goga wani kututture. Yaron goshi ya gan shi, ya ɗaga hannu, ya yi ihu, amma buhunan shinkafa sun tare Baffa, ƙarar inji kuma ta cinye muryar. Falanki ɗaya ya tsage, Allah ya sa kusa da gaɓa ne. Duk wanda ke aikin ruwan nan ya san tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe daji da gonaki da garuruwa, har da tsohuwar Busa, kuma itatuwan da ya rufe da yawansu na nan tsaye a ƙarƙashi. Sannan babu wanda ya manta 26 ga Mayu, 2021, ranar da jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara ya nutse da mutum fiye da 150, kaɗan suka tsira. A ranar kututturen nan na kasa barci. Washegari na ce wa Baffa ina so in dawo da shi inda zai ga ruwa da idonsa.

Ya daɗe bai ce komai ba. Daga baya ya ce, "Ɗana, inji da kunne ake tuƙa shi, da tafin hannu. In ka raba ni da shi, me za ka ba ni a madadinsa?"

Ban ba shi amsa ba, don ba ni da ita tukuna.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kafin mu jawo jirgin kan tudu, sai da muka auna abu ɗaya: daga ina matuƙi ke fara ganin ruwan da ke gabansa?

Akwai ƙa'idar ƙasa da ƙasa kan wannan, ISO 11591, wadda ta shafi ƙananan jirage. Abin da na riƙe daga cikinta shi ne, ruwan da goshin jirgi ke ɓoye wa matuƙi kada ya wuce tsawon jirgin sau huɗu, kuma ko yaya kada ya wuce mita 50. Namu sau huɗu mita 48 ke nan.

Muka loda buhunan yashi kwatankwacin kayan ranar kasuwa, muka ɗaure jarka rawaya da dutse ta tsaya wuri ɗaya, ƙanena ya shiga kwale-kwale da igiya mai ƙulli a kowace mita biyar. Baffa ya zauna a tsohon mazauninsa, ya nufi jarkar a hankali, muka ce ya yi magana da zarar ta ɓace masa. Igiyarmu mita 60 ce. Ta ƙare, jarka ta riga ta ɓace. Wato shekara da shekaru dattijon nan yana tuƙa jirgin da ba ya ganin abin da ke gabansa kai tsaye, sai dai ya leƙa ta gefe, sai hannun yaro, sai kuma sanin hanya da Allah ya ba shi.

Muka sake gwadawa ina riƙe da sanda, shi kuma yana tsaye a wurare daban-daban. Can gaba, kusa da goshi, gani ba a magana. Sai dai nan ne jirgi ya fi duka in iska ta taso, mutum mai shekara sittin da ɗoriya ba zai yi awa uku gwiwarsa na shan wannan ba. Kuma daga can ba ya ganin fasinjansa, alhali rabin haɗarin jirgi daga cikinsa yake tasowa, lokacin da mutane suka ruɗe suka koma gefe ɗaya. Kebur ɗin da ke haɗa sitiyari da inji ma in ya yi tsawo, sitiyari nauyi yake yi.

Inda muka tsaya: mita 5 daga ƙarshen jirgi, a kan dandamali mai tsayin santimita 30. Daga nan jarkar ba ta ɓace ba sai da ta rage kamar mita 20. Na zana wurin da gawayi a jikin falanki.

Teburin tuƙin zai ɗan karkata zuwa dama. Dalili biyu. Farfelar da ke juyawa dama tana sa jirgi ya ɗan kwanta hagu, nauyin matuƙi a dama na rage wannan. Na biyu, a dokar haɗuwar jirage, wanda ya fito maka ta dama shi kake ba hanya, don haka ɓangaren dama ne ya fi kamata ka gani sarai. Hagu kuma ya zama hanyar wucewar mutane.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Jirgi na kan gungume. Kafinta ya so ya fara yanka katako tun ranar Laraba, na roƙe shi ya dakata. Na sayo kwalayen firij guda biyu, muka haɗa teburin tuƙi na kwali da gam da ƙusa, muka liƙa murfin tukunya a matsayin sitiyari, guntun muciya a matsayin hannun totur. Masu wanki a bakin ruwa sun tsaya kallo. Amma wunin nan ya fi mini duk sauran amfani zuwa yanzu.

Mutum biyu za su riƙa tuƙi: Baffa, tsayinsa mita 1.63, da ƙanena, mita 1.81. Da farko na sa tsakiyar sitiyarin a santimita 100 daga dandamali. Ƙanena ya ce daidai. Baffa ya riƙe, na ga kafaɗunsa sun ɗaga har kusa da kunne. Na bar shi ya tsaya haka minti goma ina jan shi da hira, ya fara murza wuya da kansa. Muka sauke zuwa 80, sai ƙanena ya ranƙwafa. Muka yi ta hawa da sauka har muka tsaya a 88, inda gwiwar hannun Baffa ta sauko ta huta, damtsensa a sake, hannu ya ɗan gangara zuwa sitiyari. Ƙanena zai iya da hakan in ya jingina. Na fi karkata ga gajeren, domin dogo na iya rage tsawonsa ta hanyar jingina, gajere kuwa ba shi da yadda zai yi.

Sitiyarin ba a miƙe zai tsaya kamar na tirela ba, ba kuma a kwance ba. Mun kwantar da shi baya kaɗan, yadda mai tsaye da mai jingine duk wuyan hannunsu ba zai lanƙwashe ba.

Kujera kuwa mun fasa. Baffa ya ce wanda ke neman kututture ba ya zama. Za mu yi majingina ce, katako mai katifa a daidai ƙugu, da sandar taka ƙafa a ƙasa. Mutum na tsaye amma nauyinsa na kan abu.

Abu biyu kwalin ya tona waɗanda takarda ba za ta taɓa nunawa ba. Na farko, yatsun ƙafa. Teburin ya sauko har ƙasa a miƙe, Baffa ya matso sai babban yatsansa ya daki kwali, dole ya ja baya ya miƙa hannu. Muka yanke gindin ya shige ciki santimita 10, nan take tsayuwarsa ta gyaru. Na biyu ya fi ba ni tsoro. Baffa ba ya tuƙi sai da riga mai faɗin hannu. Yana juya murfin tukunyar, hannun rigar ya sarƙafo muciyar ya ja ta gaba. Da a ruwa ne, a bakin kwata cike da yara, totur ya buɗe ke nan. Muka matsar da hannun totur gefe har ya zama akwai tazarar tafin hannu guda da rabi tsakaninsa da bakin sitiyari, kuma na soke ɗan ƙullin nan da ake ɗaurawa a sitiyari don juyi da hannu ɗaya. Ban ce ya canza riga ba. Tebur aka yi dominsa, ba shi aka yi domin tebur ba.

Alhamis, 5 ga Disamba

Kafinta ya gama ƙashin teburin da maɗaci, jikinsa filawud mai jure ruwa. Duk bakin da aka yanka mun shafe shi da gam sau biyu, domin ta baki filawud ke fara shan ruwa. Dandamalin an ɗaure shi da haƙarƙarin jirgin da noti, ba da falankin ƙasa ba, kuma murfinsa na ɗaguwa don a iya kwashe ruwa. A fentinsa mun zuba yashi mai laushi saboda santsi. Kusurwoyi duka an goge su sun zama kewaye. Wanda ya taɓa buga haƙarƙari a jirgi ya san dalili.

Talata, 17 ga Disamba

Kwana goma sun tafi a banza, kuma laifina ne. Kebur ɗin sitiyari da na aika aka sayo daga Legas ƙafa 20 ne. Da muka shimfiɗa shi, ya kai inji amma sai an ja shi ya yi kwana mai kaifi a bayan jirgi. Makanike ya riƙe shi ya ce, "Alhaji, zai shiga, amma wata uku zai yi ya ƙage." Gaskiyarsa.

Kuskuren a awo ne. Na yi awon gaggawa, ban bi hanyar da kebur zai bi sosai ba. Yadda ake yi: daga tsakiyar sitiyari zuwa gefen jirgi, daga nan a bi gefe har ƙarshe, daga nan kuma zuwa tsakiyar inji. A haɗa ukun, a ƙara inci 6 in kebur ɗin ta cikin bututun ɗaga inji zai bi, sannan a cike zuwa ƙafa ta gaba. Namu ya ba da santimita 60, da mita 5, da santimita 90, wato mita 6.5. Da aka ƙara inci 6 aka cike, ƙafa 22 ke nan. Mai shagon ya yarda ya canza, kuɗin mota ne ya hau kaina sau biyu.

Sabon ya iso jiya. Na zaɓi irin kan sitiyarin da ke riƙe kansa, wanda ƙarfin farfela ba ya murɗo shi ya dawo hannun matuƙi. Juyi huɗu da ɗan ɗoriya ne daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Kebur ɗin giya da na totur ma mun bi da su gefe ɗaya, cikin tiyo, ba inda suka lanƙwasa da ƙarfi, kuma ba inda fasinja zai taka ko ya rataya ƙullin kaya.

Asabar, 28 ga Disamba

Yau aka yi gardamar allon agogo, kuma yau na fara samun amsar tambayar da Baffa ya yi mini ranar farko.

Rewaya ya zo da tsarinsa: agogo shida a jere, layi ɗaya, kowanne da tazara daidai, kamar na motar alfarma. Kyau kam akwai. Na ce ya ajiye tukuna. Na zaunar da Baffa a kan gungume na ce, "Baffa, ku gaya mini, da kuna can baya, me kuke ji, me kuke dubawa, wanne ne farko?"

Ya ƙirga da yatsa. Na ɗaya, muryar inji: yana sake ne ko yana nishi. Na biyu, ɗan ruwan nan da inji ke tsartowa ta gefe, wanda yara ke kira fitsarin inji. In ya rage ƙarfi, wani abu ya toshe mashigar ruwa. Ya ce ko hira yake yi, wutsiyar idonsa na kansa. Na uku, rawar sanda a tafin hannu, wadda ke gaya masa farfela ta naɗo ciyawa ko tsohon koma. Na huɗu, jarkar mai, wadda yake ɗagawa da ƙafa ya ji nauyinta.

Na ce wa rewaya ga tsarinmu nan, Baffa ya gama zana shi. Duk abin da tsohon mazauni ke ba shi kyauta, dole sabon ya biya shi, kuma bisa wannan jerin.

Agogon juyin inji shi ne muryar, don haka shi ya hau tsakiya, sama, shi ne babba, a daidai inda ido zai faɗa in ya sauko daga ruwa. Kusa da shi ta dama, agogon ƙarfin ruwan sanyaya inji, madadin fitsarin. Na fifita shi a kan na zafi, saboda shi yana faɗuwa ne tun lokacin da ruwa ya yanke, zafi kuwa sai daga baya yake hawa. Na mai da na batir suka sauka layi na biyu, domin ba a buƙatar su kowane minti. Na ƙirga awannin aiki muka kai shi cikin akwati, makanike kaɗai ke nemansa. Na nuna ɗagawar inji muka bar shi gaba ɗaya. A jirgi mai nauyi irin namu, waiwaye ɗaya ya isa.

Sannan muka gwada da sitiyari a wurinsa. Baffa ya tsaya, sai ga bakin sitiyarin ya raba agogon juyi biyu. Ƙanena ya tsaya, shi yana gani sarai. Muka ɗaga allon santimita 6, muka kwantar da fuskarsa ta kalli idon mai tsaye. Ba mu wuce haka ba, don duk santimitar da allo ya hau, ruwan gaba yake ci.

Allon baƙi ne marar sheƙi, da ɗan baki a samansa kamar na hular kwano. Rana a kan tafkin nan tana dukan ido ta sama da ta ƙasa, gilashin agogo in ba inuwa madubi yake zama. A kan gilashin kowane agogo zan ɗiga farin fenti a inda allura ke tsayawa in lafiya lau ne. Baffa ya yi karatun allo, lambobin boko ba su dame shi ba, amma ba na so ya karanta komai. Allura na kan ɗigo, ido ya koma ruwa.

Da muka gama, ya ce agogon ruwan ya ji, amma shi sai ya ga fitsarin da idonsa. Ya tashi ya tafi, can ya dawo da madubin babur. Muka ɗaure shi a kusurwar teburin ta dama, muka saita shi ya kalli gefen inji. Rewaya ya yi shiru yana kallo, daga baya ya ce shi ma zai faɗa wa wasu.

Rawar sanda a tafin hannu ita ce ban san da me zan biya ba.

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Aikin waya. Batir na ƙarƙashin majingina cikin akwati mai murfi, tankin fetur na can baya a sarari inda iska ke kaɗawa. Ba a haɗa su wuri ɗaya, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasan jirgi yake kwanciya yana jiran tartsatsi. Babban fiyus na dab da kan batir, bai kai taƙi ɗaya ba. Kowace waya ta ɗan sauko ƙasa kafin ta hau zuwa agogo, don ruwan da ya biyo ta ya ɗiga ƙasa. Na hana murɗa waya da hannu a naɗe da salatif, irin yadda ake yi wa babur. A ruwa wannan ba ya shekara.

Makunnai huɗu ne kawai: oda, famfon kwashe ruwa, fitilun gefe, fitilar agogo. Na oda ya fi sauran girma kuma shi kaɗai ke gefe, yadda hannu zai same shi ba tare da ido ba. Fitilun gefe ja a hagu, kore a dama, fara a baya. Hukumar NIWA, mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, ta hana tafiyar dare, daga shida na yamma zuwa shida na safe, kuma mu ba ma yi. Amma hazon hunturu kan mai da hantsi kamar magariba, inji kuma kan ɓaci ya sa yamma ta riske ka a tsakiya. Fitilar cikin agogo ja ce mai rauni, don farin haske kashe ganin duhu yake yi. Abin kashe gobara na rataye daidai gwiwar matuƙi ta hagu.

Kwamfas ya ci mana awa uku. Hazo na bana ya yi kauri, jiya daga kwata ba a hango tsallake, don haka ba abin ado ba ne. Mun ɗora shi a tsakiya gaban sitiyari, na kwatanta da wani na hannu ina tsaye nesa da jirgi, suka saɓa sosai. Ƙarfen kan sitiyari ke jan shi. Muka matsar da shi gaba, can saman allo, saɓanin ya ragu. Aka kunna fitilar agogo, allurar ta motsa. Rewaya ya tufka wayoyin nan biyu kamar igiya, motsin ya tsaya. Ƙusoshin da ke kusa muka canza su da na tagulla. Ana cikin haka ƙanena ya ajiye wayarsa kusa da shi, allura ta juya a gaban idonmu, saboda maganaɗisun lasifikar waya. Kafinta ya yi wa waya aljihu na musamman can ƙasa ta hagu, da murfi.

Asabar, 25 ga Janairu

An mai da jirgi ruwa bayan sallar asuba, Sarkin Ruwa ya zo ya yi addu'a. Ruwa cike yake. Wannan ne cikar da ake kira baƙin ruwa, wadda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini ta iso mana cikin hunturu, daban da farin ruwan damina mai laka. Yanzu kututture da yawa na ƙasa, ba nisa da fuskar ruwa.

Mu biyar ne, kowa da rigar ruwa. Kafin a tashi sai da muka yi ja-in-ja kan igiyar kashe inji, jar igiyar nan da ake ɗaurawa a jikin matuƙi, in ya faɗi ta fizge inji ya mutu. Baffa ya ce shi ba akuya ba ne. Na ce, "Baffa, da can in kun faɗi, yaro na kusa da sanda. Yanzu in kun faɗi, jirgi zai ci gaba da gudu da mutum talatin a ciki." Ya miƙo hannu. A wuyan hannu tana sarƙewa da sitiyari, sai muka mai da ita saman gwiwa. Nan ta zauna.

Ya murɗa makulli, inji ya tashi. Agogon juyi ya nuna 1,200. Baffa ya karkata kai ya saurara, ya ce agogon ƙarya yake yi, injin nan bai kai haka ba. Rewaya ya ce sabo ne fil. Makanike ya kawo nasa na gwaji ya ɗora, ya nuna kusan 800. Ashe akwai ɗan makunni a bayan agogon da ake saitawa daidai da irin injin, an bar shi inda bai dace ba. Aka juya shi, allura ta sauko. Daga mita 5, cikin iska, kunnen dattijon ya gyara agogo. Duk wanda zai sa irin wannan, ya gwada shi da wani kafin ya yarda da shi.

Sai babban abin da nake tsoro. Da sanda, in kana son jirgi ya yi dama, hagu kake tura ta. Da sitiyari, dama dama ce. A fili, yana sane, Baffa bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Amma da muka dawo kusa da kwata, wani yaro ya ɓullo da kwale-kwale ta bayan wani jirgi, hannun Baffa ya yi abin da ya saba shekara arba'in, goshin jirgi ya nufi yaron. Cikin ƙiftawar ido ya gane, ya mayar, ya ja totur baya. Mun wuce shi da kamar kamu uku. Babu wanda ya yi magana. Na ga hannunsa na rawa a kan sitiyarin.

Da muka ɗaure jirgi ya ce, "Ba zan ɗauki ɗan kowa ba sai hannun nan ya manta." Muka yi shawara: mako biyu, kullum da safe, jarkoki shida a jere a wurin da ba kowa, yana ratsa su, ƙanena na ihun dama ko hagu ba shiri.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Gwaji da cikakken lodi na buhunan yashi. Totur a ƙarshe, allura ta tsaya a 4,100. Injin nan an yi shi ne ya kai tsakanin 4,500 da 5,500 in an buɗe shi duka. Ƙasa da haka wahala yake sha, kamar motar da ke hawan tudu da babbar giya. Baffa ya riga ya faɗa tun makon jiya cewa yana nishi. Farfelar da ta zo da shi mai lamba 17 ce, wato an yi ta ne ta ci gaba inci 17 a kowane juyi, ta ƙaramin jirgi marar nauyi. Kowane inci ɗaya da aka rage yakan ƙara juyi 150 zuwa 200. Muka sa mai lamba 13, allura ta hau 4,800, muryar ta sake. Na ɗiga farin fenti a inda za a riƙa tafiyar yau da kullum, ja kuma a 5,500.

A hanyar dawowa muka ratsa wani wuri mai kainuwa. Ina kallon Baffa, na ga idonsa ya sauka kan allo, ya koma madubi, ya ja totur tsakiya. Allurar ruwa ta faɗo, fitsarin ya zama ɗigo. Aka ɗaga inji, leda ce baƙa ta manne a mashigar ruwa. Ƙarar gargaɗin zafi ko fara kuka ba ta yi ba. Ya ciro ledar ya ninke ya sa a aljihu, ya dubi agogon ya ce, "Wannan ya ci abincinsa."

Ƙarar gargaɗin kuwa mun gwada ta da gangan a bakin kwata. Tana cikin akwatin giya, in inji na gudu da ƙyar ake jinta. Rewaya zai ƙara wata mai ƙarfi a saman allo, da jar fitila.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Jiya Baffa ya yi jigilarsa ta farko da fasinja, mutum 24 da kayansu. Na ja layi da fenti a jikin jirgi ta ciki, buhu ba ya wuce shi tsayi a gaban tebur, kuma yaran lodi sun kiyaye. Ya dawo ya ce ƙugunsa lafiya, amma tafin ƙafarsa na zafi saboda rawar dandamali. Zan yanko tsohuwar tabarmar roba mai kauri a shimfiɗa.

Rumfa ba a yi ba tukuna. Ƙafafunta huɗu ne, kuma biyun gaba in ba a lura ba za su tsaya daidai inda yake duban dama. Gobe za mu kafa gora a wuraren, ya tsaya ya duba kafin mai walda ya taɓa ƙarfe, kuma sai mun sake gwada kwamfas bayan an ɗora ta. Ina so a gama kafin azumi, saboda rana ta fara zafi.

Maganar rawar farfela har yanzu tana nan. Shekaranjiya ta naɗo guntun koma, bai sani ba sai da gudu ya ragu. Ya ce yana gwada taka haƙarƙarin jirgin da ƙafa ba takalmi, wai yana ɗan jin wani abu ta nan. In haka ne, robar da zan shimfiɗa za ta toshe masa wannan, don haka zan bar gurbin tafin ƙafa ɗaya ba roba, ta dama, mu ga yadda za ta kasance zuwa ƙarshen Maris lokacin da ruwa zai fara ja.